Yadda Ake Shirya Bikin Cikar Shekaru a Wurin Shaƙatawa na Fina-finai

Akwai shekarun da iyali ba sa son su wuce shiru. Yaro ya cika 18, maigida ya cika 40, uwa za ta cika 60, sai a zauna a ce bana dai a yi abin da za a daɗe ana tunawa. Cikin abubuwan da ake zaɓa har da tafiya zuwa ɗaya daga cikin manyan wuraren shaƙatawa da aka gina a kan fina-finai, inda mutum zai taka titin da ya saba gani a allo, ya hau lilon da zai jefa shi tsakiyar labari, ya ga yadda ake haɗa gobara da ambaliya na ƙarya a gaban kyamara. Tafiya ce mai daɗi ƙwarai, tana kuma cin kuɗi da ƙarfin jiki. Abin da ya fi ɓata ta shi ne a shiga wurin a manta da wanda aka zo dominsa: matasa su ja gaba suna neman lilo mafi tsoratarwa, mai bikin yana biye da su da jaka a hannu har rana ta faɗi. Duk abin da zan faɗa a nan, don kada hakan ta faru ne.

Mataki na farko: zauna da mai bikin

Kafin ka buɗe shafin sayar da tikiti, ka san abu biyu game da shi: fina-finan da yake so da gaske, da abin da jikinsa zai iya ɗauka. Idan tafiyar ta bazata ce, ka bi ta hannun wanda ya fi kusa da shi. Ni dai ina ganin gara a sanar da shi tun da wuri, a bar bazatar ga ƙananan abubuwa na cikin ranar, domin watannin jira da ɗoki su ma wani ɓangare ne na kyautar.

Ka nuna masa taswirar wurin da hotunan abin da ke ciki, ka tambaye shi kai tsaye. Idan mahaifiya ce: "Mama, cikin waɗannan wanne kike son ki gani da idonki?" Ka rubuta abu uku da ta ambata, ko da a ganinka ba su ne manya ba. Wataƙila ta ce yawon zagaya wurin ɗaukar fim, da wasan kwaikwayo na dandali, da hoto a bakin ƙofa. Waɗannan ukun su ne ƙashin bayan ranar. Idan an same su, an yi biki, komai kuma da ya biyo baya ƙari ne.

Mataki na biyu: zaɓen wurin

Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, alhali wuraren nan sun sha bamban da juna.

Wanda sha'awarsa ta fi karkata ga yadda ake yin fim, Universal Studios Hollywood da ke Los Angeles a Amurka ya fi dacewa da shi, domin yana manne da wurin da ake ɗaukar fina-finai har yau. Tun 1964 ake ɗibar baƙi a mota mai taragu ana zagayawa da su cikin titunan da aka gina don fim, kuma yawon kan ɗauki kusan awa guda a zaune. Sai dai wurin a kan tudu yake, an raba shi sama da ƙasa, dogayen matakala masu tafiya da kansu ne ke haɗa su. Sauka da hawa na cin lokaci, don haka a gama da ɓangare ɗaya kafin a koma ɗayan. Wani wurin da ya dace da mai irin wannan sha'awar shi ne Ramoji Film City da ke kusa da Hyderabad a Indiya, wanda Ramoji Rao ya kafa a 1996, kuma kundin Guinness ya amince shi ne harabar shirya fina-finai mafi girma a duniya. A can ma da bas ake zagayawa, kallo ya fi hawan lilo yawa. Ga mai son fina-finan Indiya, ko dattijon da ba ruwansa da jujjuyawa a sama, da wuya a samu wanda ya fi shi.

Wanda kuwa lilo yake so, Orlando a jihar Florida ita ce cibiya. Universal Studios Florida ya buɗe a 1990, Islands of Adventure a 1999, sai Epic Universe a watan Mayun 2025. Biyun farko suna maƙwabtaka, da ƙafa ma ana zuwa, na ukun kuwa sai an hau mota. A yankin ne kuma Disney's Hollywood Studios yake, wanda ya buɗe a 1989. Orlando ba ta rana ɗaya ba ce. Wanda zai je can ya ware kwanaki.

Ga iyalin da ke da yara ƙanana ko tsofaffi, ko wanda ranar haihuwarsa ta faɗo tsakiyar zafi, ina yaba Warner Bros. World da ke tsibirin Yas a Abu Dhabi. Ya buɗe a 2018, kuma gaba ɗayansa a rufe yake da na'urar sanyaya ɗaki, har sararin saman da za ka gani a ciki na zane da fitilu ne. Motiongate da ke Dubai, wanda ya buɗe a ƙarshen 2016, yawancinsa a fili yake, amma ɓangaren DreamWorks, kamfanin fina-finan zane, a rufe yake. Universal Studios na Singafo, a tsibirin Sentosa, ya buɗe a 2010. Ƙarami ne idan aka kwatanta da 'yan uwansa, abin da ya sa ake iya zagaye shi a rana ɗaya ba tare da an galabaita ba. Na Osaka a Japan, wanda ya buɗe a 2001, yana cikin waɗanda suka fi cika a duniya, sai da shiri mai ƙarfi. Na Beijing ya zo a 2021. A Turai akwai Parque Warner kusa da Madrid da Movie Park a Bottrop ta Jamus, amma ba kullum suke buɗewa ba idan sanyi ya shigo.

Wani abu da ke rikita mutane: Warner Bros. Studio Tour da ke Leavesden a wajen birnin Landan ba wurin lilo ba ne. Ainihin ɗakuna da tufafi da kayan da aka yi fina-finan Harry Potter da su ake zuwa kallo, kuma sai an sayi tikiti tun kafin a je, ba a sayarwa a ƙofa. Wanda ya je da niyyar hawan lilo zai dawo ransa a ɓace, wanda ya je don ganin yadda aka ƙera abin kuwa zai wuni bai gaji ba.

Da zarar ka tsayar da ƙasa, ka duba batun biza kafin ka biya komai. Bizar Amurka kan buƙaci ganawa a ofishin jakadanci, kuma samun ranar ganawar na iya jan lokaci. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Tikitin wurin shaƙatawa galibi ba a mayar da kuɗinsa, saboda haka biza tukuna, sannan tikiti.

Mataki na uku: ranar shiga

Ba dole ba ne ranar shiga ta zama ainihin ranar haihuwa. Idan ta faɗo ranar Asabar ko lokacin hutun makarantu, ku ci abincin dare tare a ranar, ku shiga wurin Talata ko Laraba. Ba wanda zai ce ku nuna takardar haihuwa kafin a taya ku murna.

Kowace ƙasa da lokacin cunkosonta. A Amurka, makon da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, da makon bikin Thanksgiving a ƙarshen Nuwamba, da hutun makarantu na Maris da Afrilu, da watannin zafi, duk wuraren cike suke. A Japan a guji jerin ranakun hutu na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu da kuma tsakiyar Agusta. A China a guji makon farko na Oktoba da sabuwar shekararsu. Florida kuma tana da nata yanayi: daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwar teku ne, kuma a watannin zafi hadari kan taso da yamma kusan kullum. Da an ga walƙiya a kusa, sai a tsayar da duk lilon da ke fili har ta wuce. Wannan kaɗai ya isa dalilin yin manyan lilo da safe.

Sai abu biyu da ake dubawa a shafin wurin kansa. Na ɗaya, jerin lilon da aka rufe don gyara. Idan ɗaya daga cikin abu ukun mai bikin yana jerin, a sauya rana. Na biyu, lokacin tashi. A watannin Satumba da Oktoba wuraren Universal na Amurka suna yin bikin dare na ban tsoro mai tikitinsa daban, kuma a irin waɗannan ranaku ana sallamar masu tikitin rana tun da yamma. Mutum ya biya kuɗin wuni, a yanke masa awannin dare, abin da ciwo.

Kada kuma ka sa ranar shiga washegarin sauka daga doguwar tafiyar jirgi. Bambancin lokaci zai sa barci ya riƙa fizgar kowa da tsakar rana. Ku bar kwana ɗaya a tsakani.

Mataki na huɗu: tikiti, layin gaggawa da otal

Ka saya daga shafin wurin ko daga wakilin da wurin ya amince da shi. Tikitin da wani ya ce ya yi amfani da rabinsa zai sayar maka da araha, ka bar masa abinsa, domin wurare da dama suna ɗaure tikiti da hoton fuska ko zanen yatsan wanda ya fara shiga da shi. Yawancin tikiti yanzu na takamaiman rana ne, farashin kuma yana hawa da sauka gwargwadon cikar da ake sa ran za a yi. Wannan ma wata hanya ce ta gane cunkoso: ranar da ta fi araha a kalandarsu, ita suke ganin za ta fi sauƙin jama'a.

Ka karanta irin tikitin da kyau. A tsofaffin wuraren biyu na Universal a Orlando ɓangaren Harry Potter ya rabu gida biyu: ƙauyen Hogsmeade, wanda ya buɗe a 2010, yana Islands of Adventure, titin Diagon Alley, wanda ya buɗe a 2014, yana Universal Studios Florida. Jirgin ƙasa ne ke haɗa su, kuma ba a barin mutum ya hau sai da tikitin da ke ba da izinin shiga wuraren biyu a rana ɗaya. Idan mai bikin saboda wannan labarin ya zo, tikitin wuri ɗaya zai tsayar da shi a bakin tasha yana kallon jirgi na tafiya.

Sai batun layin gaggawa, wanda Universal ke kira Express, Disney kuma Lightning Lane. Ƙarin kuɗi ne mai nauyi, wani lokaci ya kai kuɗin shiga kansa. Ra'ayina shi ne: idan rana ɗaya tak kuke da ita, kuma lokacin cunkoso ne, a saya, ko da za a rage wani abu daga kasafin, domin a ranar cika layin babban lilo kan haura awa guda, wani ya kai biyu. Idan kuna da kwana biyu ko uku a lokacin da ba jama'a, kuɗin ya fi amfani a wani wuri. Ka duba waɗanne lilo ne ke karɓarsa, domin ba duka ba ne. A Osaka ana sayar da shi ne ƙunshi-ƙunshi na wasu lilo da aka zaɓa, kuma yakan ƙare tun kafin ranar. A can kuma ɓangaren Super Nintendo World, wanda ya buɗe a 2021, a ranakun cika sai da takardar shiga mai ɗauke da lokaci, wadda ake karɓa ta manhajar wurin bayan an shiga.

Otal yana iya sauya lissafin gaba ɗaya. Masu kwana a otal-otal na Universal Orlando ana barinsu shiga kafin sauran jama'a, har zuwa awa guda. Uku daga ciki, wato Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific, suna haɗa wa baƙinsu layin gaggawa na tsofaffin wuraren biyu a cikin kuɗin ɗaki, har da ranar kama ɗaki da ranar fita. Idan ku huɗu ne a ɗaki, ka ɗauki biro ka haɗa kuɗin layin gaggawa na mutum huɗu na kwana biyu, ka gwada da kuɗin kwana ɗaya a can. Sau da yawa otal ɗin da ake wa kallon mai tsada shi ke fitowa da sauƙi.

Mataki na biyar: jiki da lilo

A ƙofar kowane babban lilo akwai allon gargaɗi, kuma ba don ado aka kafa shi ba. Mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon baya ko wuya, mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, an hana su. Idan bikin na shekara 50 ne ko 60, mai bikin ya yi magana da likitansa kafin tafiya, kuma ku ɗauki inshorar lafiya ta matafiya. Ina roƙonka da abu ɗaya a nan: kada kowa ya matsa masa da "haba, ai ranarka ce, daure ka hau." Wanda ya hau don kunya ya sauko da jiri, sauran wunin ya tafi.

Jirin ma iri biyu ne, kuma wuraren fina-finai sun fi kawo na biyun. Akwai na jirgin da ke gudu a kan dogo yana hawa da gangarawa yana kifewa, wanda kowa na ganinsa daga nesa ya san abin da zai tarar. Akwai kuma na lilon majigi, inda za a zaunar da kai a kujera mai motsi a gaban ƙaton allo, wani lokaci da tabarau na musamman. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kana faɗowa daga saman bene, kunnen ciki kuma yana cewa kujera ce kawai ke girgiza, wannan saɓanin ne ke tayar da zuciya. Mutum yana iya jure na farkon lafiya lau, na biyun ya kayar da shi. Maganinsa a take shi ne rufe ido na ɗan lokaci. Kada a jera irinsa biyu ko uku a jere, a sa wasan dandali ko ɗan yawo a tsakani. Mai shan maganin jiri ya sha tun kafin hawa, ya kuma sani wasunsu suna sa barci.

Yara kuma tsawo ake dubawa, ba shekaru ba. A Islands of Adventure, babban lilon da ke cikin ginin makarantar Hogwarts ta fim ɗin Harry Potter yana son santimita 122, VelociCoaster 130, Incredible Hulk 137. Ka auna yaro a gida da takalminsa, ka gaya masa tun a can abin da zai hau da wanda sai wani zuwan. Ma'aikatan ba sa ɗaga ƙafa ko da yatsa ɗaya ya rage.

Ga manya masu jiki, a gaban lilo da yawa akwai kujerar gwaji a waje. Mutum ya zauna, ya jawo ƙarfen kariya zuwa cinyarsa ko ƙirjinsa, a wasu har fitila ke nuna ko ya kulle. Minti ɗaya ne. Ya fi a yi awa a layi, a zauna, ma'aikaci ya danna ƙarfen ya ƙi shiga, a ce mutum ya tashi a gaban jama'a. Idan kana zargin hakan na iya faruwa da mai bikin, ka fara zama kai da kanka ka ce kowa ya gwada, sai abin ya zama na kowa. Wanda doguwar tafiya ke wahalar da shi kuma, ana ba da hayar keken turawa da mai batir kusa da ƙofar shiga, kuma a ranar cika sukan ƙare da wuri. Ba abin kunya ba ne, ƙafa tana shan tafiyar kilomitoci a wuraren nan.

Mataki na shida: jaka

Ƙarama, ɗaya ga mutum biyu. Takalmin da ƙafa ta saba da shi, ba sabo ba. Fawa banki, domin manhajar wurin ce taswira, ita ce agogon layi, kuma tana shan caji. Rigar ruwa ta leda, hula, man kare fata daga rana, magungunan da aka saba sha, da gorar ruwa. A wuraren Orlando, shagunan abinci na tsaye suna ba da kofin ruwan ƙanƙara kyauta idan ka tambaya. Idan kuna son yin shiga iri ɗaya, riga mai rubutu ta wadatar. Wuraren Disney na Amurka ba sa barin wanda ya kai shekara 14 ya shiga da cikakkiyar shigar jaruman fim a ranakun yau da kullum, sun kuma hana sandar ɗaukar hoto.

Mataki na bakwai: ranar kanta

Ku isa ƙofa kamar minti 45 kafin lokacin buɗewa, don akwai binciken jaka da tafiya daga wurin ajiye mota. A Osaka ma an san su da buɗe ƙofa kafin lokacin da suka rubuta. Awar farko ta fi kowace awa daraja: lilon da za a yi wa layin minti 90 da azahar, da sassafe ana iya hawansa cikin minti 15. Saboda haka kada ku tsaya a shagunan bakin ƙofa, kada ku tsaya dogon hoto. Ku nufi abu na farko cikin ukun nan kai tsaye, daga nan na biyu.

Bayan an sauke waɗannan, sai ka je ofishin kula da baƙi ka ce yau kuna bikin ranar haihuwa. A wuraren Disney da Universal na Amurka za su ba ka bajo kyauta a rubuta suna a kai, a Osaka kuma sitika ce ake liƙawa a riga. Ƙaramin abu ne, amma daga lokacin da aka maƙala shi, mai duba tikiti da mai sayar da abin sha da mai sanye da kayan jarumin fim duk za su riƙa kiran sunansa suna taya shi murna. Dattijon da ya ce shi ba ya son irin wannan, ka lura da fuskarsa a karo na uku da baƙo ya kira sunansa. Kada dai ka sa rai da kyauta ko tsallake layi saboda bajon. Idan wani ma'aikaci ya yi muku alheri, daga kansa ne.

Akwatunan ajiya suna da nasu sha'ani. A wasu manyan lilo na Universal ba a hawa da komai a aljihu, har na'urar gano ƙarfe ake bi, waya da makulli da tsabar kuɗi duk sai an ajiye. Ƙananan akwatunan kyauta ne na tsawon hawan, kuma da tikitin shiga ake buɗewa da rufewa. Ga inda ake samun matsala: tikitinka yana cikin waya, wayar kuma za ta shiga akwati. Don haka ka riƙe tikitin takarda ko katin ɗakin otal idan shi ne tikitinka, ka kuma haddace lambar akwatin da ɓangaren da yake, domin bayan an juya ka a sama duk jerin akwatunan kama suke yi da juna.

Akwai hanyoyi biyu na rage jira da ba a biyan ko sisi. Layin mai hawa shi kaɗai, inda ake cike guraben da suka rage da mutum ɗaya-ɗaya, yana sauri sosai, amma za a raba ku. Ya dace da matasan da ke son maimaita lilo, bai dace da hawan farko na mai bikin ba, wanda ya kamata a yi kafaɗa da kafaɗa. Sai tsarin musayar mai riƙon yaro: ku shiga layi tare, ɗaya ya zauna da yaron a ɗakin jira, ɗaya ya hau, idan ya sauko su yi musaya ba tare da sabon layi ba. Ka gaya wa ma'aikacin bakin layi tun farko.

Ku ci abincin rana kafin ƙarfe 12 ko bayan 2. Tsakanin nan kowa ke neman teburi. Lokacin da rana ta take kuma shi ne na wasannin dandali, inda ake zama a inuwa. Wasan kasada na WaterWorld, wanda ake yi a Hollywood da Osaka da Beijing, yana da faɗa a kan ruwa da wuta ta gaske, kuma kujerun gaba an yi musu alama cewa za a jiƙe. Da gaske suke, tun kafin a fara 'yan wasan ke watsa ruwa da bokiti. Ku zaunar da mai bikin inda ya zaɓa da kansa.

Idan ku da yawa ne, ku yarda a rabu na awa biyu da rana. Masu son gudu su tafi, mai bikin da wanda ya fi jin daɗin hira da shi su zauna ko su koma otal su ɗan kishingiɗa, yawancin wuraren suna barin a fita a dawo a rana ɗaya, ka dai tambaya a ƙofa kafin ka fita. Ku tsayar da wurin haɗuwa guda mai suna da lokaci, kada ku dogara da waya kaɗai. Yaro kuma a sa masa lambar waya a aljihu, a nuna masa irin kayan ma'aikata don ya san wanda zai nufa idan ya ɓace.

Mataki na takwas: bikin

Ka keɓe lokaci ɗaya da kowa zai zauna a teburi guda, ba gudu, ba duba agogon layi. Gidajen abinci na zama a cikin wuraren nan suna karɓar ajiyar teburi tun makonni kafin ranar, kuma masu farin jini suna cika da wuri. Lokacin da kake ajiyewa ka rubuta cewa bikin cikar shekaru ne, ka faɗi adadin shekarun, ka kuma faɗi abin da wani cikinku ba ya ci. Batun kek, ka kira ka tambaya, domin wasu suna haɗawa idan an yi oda da wuri, wasu ba sa barin a shigo da na waje. A wannan zaman ne za a ba da kyauta, a karanta saƙonnin waɗanda ba su samu zuwa ba. Idan ka tattara gajerun bidiyo daga 'yan uwa da abokai tun a gida, nan ne wurin kunnawa.

Kyautar da aka saya a cikin wurin ta fi ma'ana idan za a yi amfani da ita a ranar. A ɓangaren Harry Potter ana sayar da sandar da ke aiki da na'urorin da aka ɓoye a tagogin shaguna: ka tsaya a kan alamar ƙarfe da ke ƙasa, ka juya sandar yadda aka zana, sai wani abu ya motsa a tagar. Irin wannan da safe ake saye. Sauran tsaraba a bar ta sai yamma, don kada a wuni da kaya a hannu, wasu wuraren ma suna kai maka abin da ka saya ƙofar fita ka karɓa lokacin tafiya.

Hoto kuwa, wanda ya shirya tafiya shi ne yakan ɓace daga cikinsa saboda shi ke riƙe da waya. Ka miƙa wa ma'aikaci ko wani baƙo ya ɗauke ku gaba ɗaya. Hoton da kyamarar lilo ke ɗauka a tsakiyar gangara, ku tsaya ku duba shi a allon wurin fita, ko ɗaya ne ku saya.

Mataki na tara: yamma da fita

Awa ta ƙarshe layuka suna raguwa, musamman lokacin fareti ko wasan fitilu na dare, idan akwai shi a ranar. Ka tambayi mai bikin wanne yake so: ya tsaya kallo, ko ya maimaita lilon da ya fi burge shi. A yawancin manyan wuraren, wanda ya shiga layi kafin lokacin tashi ana barinsa ya hau, shagunan bakin ƙofa kuma sukan ɗan ƙara lokaci bayan an tsayar da lilo, don haka tsaraba ba ta buƙatar gaggawa.

Ka san hanyar komawa tun da safe. Idan da mota kuka zo, ka ɗauki hoton alamar inda kuka ajiye ta. A Osaka tashar jirgin Universal City tana dab da ƙofa, a Singafo ƙaramin jirgin Sentosa Express ne ke mayar da mutane VivoCity, kuma dukansu suna cika maƙil a mintunan farko bayan tashi. Ku zauna ku sha wani abu na rabin awa, jama'a su ragu. Washegari kuma kada ka sa jirgin asuba ko wani yawo mai nisa, ku bar safiyar don barci da hutun ƙafa.